Yadda Za Ka Tara Koren Gilashi Ka Watsar da Dangin Matarka

Kai mai karanta wannan, ka yi sa'a. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsallake ko guda ba, na ba ka tabbaci kafin dusar ƙanƙara ta sake rufe duwatsun bayan gari za ka zama cikakken gwanin tara gilashin yuraniyom. Kabad ɗinka zai cika, 'yan gwanjo za su riƙa tura kayansu ƙarƙashin tebur in sun hango ka, dangin matarka kuma za su daina gayyatarka biki. Ni ban taɓa tara gilashi ba. Amma mijin ƙanwata, Lubor, ya tara a kan idona, a nan Jablonec, inda ba gidan da kakansu bai taɓa hura gilashi ko yanka shi ba. Hanyarsa zan koya maka, don na ga inda ta kai shi.

Mataki na ɗaya: Sayi tocila, amma ba ta ganin hanya ba

Tocilar da kake buƙata 'yar ƙarama ce, haskenta shunayya, ba ta nuna maka rami ko tudu. Aikinta guda ne. In ka haska gilashin da aka zuba wa yuraniyom lokacin narka shi, sai ya kama da wani koren haske kamar idon mage a ƙarƙashin mota. In ba shi ba ne, ya yi maka banza.

Kada ka ji kunya in ba don gilashi ka saye ta ba. Lubor ma don fitsarin mage ya sayi tasa, tunda shi ma yana ƙyalli a haskenta. Aikinsa duba tikiti a taragon da ke zuwa Liberec, irin mutanen nan da ke shiga cikin kayan gida su tsaya kamar fasinja har sai ƙofa ta rufe. Ƙanwata Vendula ta daɗe tana cewa magensu na ɓata kafet, shi kuwa ba ya yarda da laifin da bai kama da hannunsa ba. Ya ja labule, ya durƙusa yana bin kafet da tocila, sai hasken ya faɗa kan teburin cin abinci. Kaskon man shanunsu, wanda ya yi shekaru a wurin ba wanda ya taɓa ce masa sannu, ya ɗauki kore.

"Vendula! Zo ki gani!"

"Ka gano wurin?"

"Wane wuri? Dubi nan!"

"Na gani. Man shanu ne. Fitsarin fa?"

Har yau ba a san inda magen ke yi ba. Ka riƙe wannan: gwanin gaske ba ya komawa kan abin da ya fito nema.

Mataki na biyu: Haddace kalma ɗaya, ka yi ta zubar da ita a kan abinci

Ba sai ka buɗe littafi ba. Kalmar ita ce deko. Salo ne na tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, lokacin da masu yankan gilashi suka gaji da furanni da 'yan mala'iku, suka koma wa kusurwa da miƙaƙƙen layi. In ka ga tulun fure mai hawa-hawa kamar matakalar bene, ko kwalba mai kafaɗa irin ta soja, ko faranti mai zanen fitowar rana, ka ɗaga gira ka ce, "Deko." In ba ka tabbata ba, ka ce, "Ƙarshen deko." Ba mai iya ƙaryata ka.

Sauran abin sani bai cika cokali ba. Juya gindin kayan ka duba: tsohon gaske yana da 'yan ƙuje-ƙuje na daɗewa a kan katako, wanda aka yi jiya kuwa gindinsa sumul. Akwai wani farin gilashi da ke ɗan yin kore-kore a ƙarƙashin tocila kamar mai tashin zuciya. Wannan ba yuraniyom ba ne, ture shi gefe da yatsa ɗaya. Na gaske ba shi da kunya, ihu yake yi da haske.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne inda za ka sauke ilimin. Kan abinci ya fi, don mutane ba sa iya gudu. Wata Lahadi Vendula ta gasa agwagwa da jan kabeji, muna zaune, Lubor ya miƙo hannu ya ɗaga kofina, giyata na ciki, ya leƙa gindinsa.

"Hynek, ka san da me kake sha?"

"Da kofi."

"Da shara. Aikin inji ne. Ga layin haɗi nan."

"To ajiye mini sharata, suruki, kumfa na kwanciya."

Bai ajiye ba sai da ya yi mana bayanin yadda inji ke danna gilashi. Agwagwa ta huce. Kai ma ka tabbata ta huce.

Mataki na uku: Shiga kasuwar gwanjo da doguwar kwat

Tocilarka ba ta da ƙarfi a rana. Don haka in ka ga abin da ka yi wa zato, ka ja kwat ɗinka ka lulluɓe kanka da shi gaba ɗaya, ka haska a ciki. Daga waje za ka yi kama da mai amai a ɓoye. Kada wannan ya dame ka. Duk ranar Asabar akwai irinka da yawa a filin da ke bayan wurin ƙwallo, manyan mutane masu furfura, duwawu a sama, kai a cikin kwat.

In ya yi kore, ka fito da fuskar wanda aka ɓata wa lokaci. Ka ajiye shi, ka ɗauki wani tsohon agogo ka tambayi kuɗinsa, ka yi tsaki, ka yi kamar za ka tafi. Sannan ka juyo ka kira mai kayan Pani, wato malama (namiji kuwa Pan): "Wannan ɗan kofin fa, Pani? Matata na neman abin zuba maɓalli."

Wannan dabara ta yi wa Lubor aiki har tsawon rani guda. Daga nan matan kasuwa suka gane shi. Wata mai sayar da kayan mamatan unguwarsu tana hango shi sai ta ɗaga murya: "Ku ɓoye kore, ga mijin mai maɓalli nan! Pan Lubor, matar nan taka shagon ɗinki ta buɗe ne?"

Mataki na huɗu: Nemi abokin gaba

Tarin gilashi ba tare da wanda za ka ƙona wa rai ba, wankin kwanuka ne kawai. Ka shiga ƙungiya. Tamu tana zama a ɗakin baya na wata mashaya kusa da tashar jirgin ƙasa, shugabanta kuma Pan Otakar, tsohon likitan haƙori, wanda ke sa farar safar hannu kafin ya taɓa gilashi, abin da bai cika yi wa bakin mutane ba lokacin yana aiki.

Lubor ya je zamansa na farko da wani tulun fure mai kusurwa takwas, a naɗe cikin tawul kamar jariri. Ya ajiye a tsakiyar tebur. Pan Otakar ya sa safa, ya juya gindin, ya shafa, ya ƙwanƙwasa da farce ya kara a kunne.

"Kyakkyawa ne," in ji shi. "Yaushe aka yi shi, a ganinka?"

"Kafin yaƙi."

"Wane yaƙin? Naku da matarka? Wannan bara aka zuba shi, har yanzu da ɗuminsa." Ya tura masa tulun. "Pan mai duba tikiti, yau kai ne ka hau da tikitin jabu."

Dariyar da aka yi har mai mashaya ya leƙo. Lubor ya naɗe jaririnsa ya fita. A taragon washegari ya sauke wata tsohuwa da jakarta don tikitinta ya wuce lokaci da ƙiris. Ya rantse wa Vendula cewa ranar baje kolin ƙungiya, wanda ake yi duk bazara a zauren taro na unguwa, sai ya kawo abin da zai sa Otakar ya haɗiye safarsa.

Kai ma ka yi irin wannan rantsuwa. Ita ce man da zai kai ka sauran matakan.

Mataki na biyar: Kori mutanen gida daga gidan

A hankali za ka yi. Fara da kanta ɗaya. Sannan farantan auren matarka su koma kwali, kwalin ya koma baranda. Sayi shoglas, ka sa masa fitilar shunayya a ciki, ka ɗinka baƙin labule, don rana abokiyar gabar kyau ce. Hana tafiya da ƙarfi. Hana buɗe taga. Hana baƙi masu yara.

Vendula mace ce mai haƙuri, ma'aikaciyar kicin a makarantar firamare, wadda ta saba da ihun yara ɗari kan miyar da ba sa so. Ta ce mini, "Yaya, bar shi. Wasu mazan caca suke yi, wasu mata suke bi. Nawa kofuna yake yi wa magana." Na leƙa falonsu da tsakar rana na same ta zaune cikin duhu tana saƙa, haƙoranta na ƙyalli, gefenta shoglas na kore kamar tankin kifi. Na ce ta zo mu fita shan iska. Ta ce in rufe ƙofa a hankali.

Mataki na shida: Sayi gyare, ka fara zumunci

Gyare wata 'yar na'ura ce da ke kuka in an kai ta kusa da yuraniyom: ƙyat, ƙyat, ƙyat. Ba ta gaya maka abin da tocila ba ta riga ta gaya maka ba, amma tana sa mutane su ja da baya, wannan kuwa ba ƙaramin amfani ba ne.

Yanzu ka tuna da tsofaffin dangi. Kaya masu kyau ba sa zuwa kasuwa, suna cikin kabad ɗin gwauraye. Mutumin da bai taɓa zuwa gaida kowa ba, sai ga Lubor yana sayen kek yana tambaya wa ke asibiti, wa ya rasu, wa ya rage.

Haka ya isa gidan Goggo Hedvika, ƙanwar babanmu. Ta haura tamanin, tana zaune ita kaɗai a gidan katako a kan tudu, da kajinta da itatuwan fulam, ɗan itace mai kama da ɗinya. Mijinta, Kawu Alois, sankarar huhu ta ɗauke shi hunturu biyu da suka wuce. Tun ina yaro na san al'adarsu. Duk Lahadi in sun dawo daga coci, Goggo ta buɗe kabad ta fito da wata kwalba mai faɗin kafaɗa, ruwan ɗorawa mai sirkin kore, murfinta kamar lu'ulu'u, da 'yan kofuna shida masu kusurwa. Ta zuba barasar fulam ɗin da suka dafa da kansu, su kurɓa suna gardama kan wa'azin ranar. Kakanmu ne ya yanka kayan da hannunsa, ya ba kakarmu ranar aurensu. Bayan mutuwar Kawu ma Goggo ba ta fasa ba, ta zuba nata, ta zauna ta fuskanci kujerarsa.

Lubor ya gani, ya nemi a ba shi ruwa, da ta juya baya ya haska. Kwalbar ta kama da kore. Cikakken saiti, ba tsaga, ba ɓalli, murfi na asali. Ya taya.

"Ba na sayarwa ba ne," in ji Goggo.

"Goggo, ko nawa..."

"Ci kek ɗinka. Kai ka kawo shi, ba wanda zai ci sai kai, ya bushe."

Mataki na bakwai: In an ƙi sayarwa, ka tsorata

Wannan shi ne matakin da ke raba gwani da ɗan koyo, don haka ka nutsu.

Ka koma ranar da ka san ba kowa. Ka bar kwali da tsofaffin jaridu a mota, kada ka shiga da su, zai nuna ka shirya. Ka shiga da gyare kawai, da fuskar mai ta'aziyya.

Lubor ya roƙi Goggo ta fito da kwalbar ya ƙara gani. Ya ƙure ƙarar na'urar, ya kara ta a jikin gilashin. Ƙyat. Ƙyat. Ƙyat-ƙyat-ƙyat-ƙyat.

"Mene ne wannan yake kuka?"

"Goggo, ba na so in tayar miki da hankali."

"To kashe shi."

"Guba yake ji. Kin tuna shekarar da tashar nukiliyar nan ta fashe a Ukraine, mutane suka daina tsintar naman kaza a daji? Danginta ne. A cikin gilashin yake. Duk abin da aka zuba, yana ɗauka."

Goggo ta dubi kwalbar, ta dubi kujerar da ba kowa a kanta.

"Ni rabin kofi nake sha," ta ce a hankali. "Alois biyu. Wani lokaci uku. Ni nake zuba masa. In ya ce ya isa, ni nake cewa ƙara, ai Lahadi ce." Ta ɗago. "Lubor, ciwon nan nasa..."

A nan ne mai raunin zuciya zai ɓata aiki. Zai ce a'a, Goggo, wasa nake, abin bai kai nan ba. Kai kada ka ce komai da za a kama ka da shi. Yi yadda Lubor ya yi. Ya dubi silin, ya yi ajiyar zuciya, ya ce:

"Ni ba likita ba ne, Goggo."

"Yesu da Maryamu," in ji ta. Ta ture kwalbar da bayan hannu. "Fitar mini da shi daga gida. Kai shi inda ba mai taɓawa."

Ya yi mata alkawari. Ya kai shi garejinsa, ya kulle.

Mataki na takwas: Kada ka koma ka ga abin da ka bari

Goggo ba ta gaya wa kowa ba. Wa ke faɗa wa dangi cewa ita ta kashe mijinta da hannunta, kofi bayan kofi, shekara hamsin? Abin da muka gani kawai shi ne ta daina cin abinci. Kaji suna kuka a akurki har rana ta take, ba ta buɗe musu ba. Kullum sai ta bi motar safa zuwa maƙabarta, cikin ruwa da ƙanƙara, ta tsaya a gaban kabarin Kawu tana motsa baki. Mai kawo wasiƙu ce ta tsince ta wata rana zaune a bakin hanya, jiƙe sharkaf, ba ta iya hawa tudun gidanta. Sanyi ya kama mata ƙirji.

Vendula ta ɗauki hutu ta tare a can. Maƙwabciya ta karɓi kaji. Mata biyu daga mawaƙan coci suna zuwa su zauna da ita bi da bi. Ni ina kawo magani da itace. Mun tambaye ta har mun gaji, sai ta juya fuska bango ta ce, "Ku bar ni, na san abin da na yi."

Na tambayi Lubor ko ya lura da wani abu ranar da ya je. Yana goge wani ƙaramin kasko da tsumma, bai ɗago ba.

"Tsufa ne, suruki. Haka suke yi."

Ka lura da kyau: bai yi ƙarya ba, Goggo ta tsufa. Gwani yana zaɓar gaskiyarsa kamar yadda yake zaɓar kaya.

Mataki na tara: Baje kolinka, ka manta abokin gabarka yana da mota

Ranar baje koli ta zo. Lubor ya jera kwalbar da kofunanta a kan baƙin ƙyalle, ya kafa kati mai sunansa. Pan Otakar ya iso wurin, ya tsaya. An ce leɓensa ya yi fari. Bai sa safa ba, ya juya ya fita.

Abin da Lubor bai sani ba shi ne Otakar ya fi shekara goma yana hawa tudun nan da furanni yana roƙon Goggo ta sayar masa. Kada ka ɗauka tausayi ne ya kai shi gidanta ranar. Ƙorafi ya je yi. Ina kicin ina hura murhu, Vendula na ba Goggo romo a cokali, sai ga shi ya shigo ko takalmi bai cire ba.

"Pani Hedvika, kin ci mutuncina! Ni kin hana ni, kin ba mai duba tikiti?"

Goggo ta ɗago kai daga matashi da ƙyar. "Ya kai shi cikin mutane? Ka gaya musu kada kowa ya sha da shi. Shi ya kashe mini miji."

Otakar ya fashe da dariya, ya ga ba mai taya shi, ya tsaya. "Wa ya gaya miki haka?"

Ta faɗa. Gyare, Ukraine, naman kaza, ni ba likita ba ne. Cokalin ya faɗi daga hannun Vendula.

"To ni likita ne," in ji Otakar, "ko da na haƙori. Abin da ke fita daga gilashin nan bai isa ya sa ƙuda tari ba. Da irinsa nake sha tun kafin a haifi wannan ɗan iskan. Alois kuwa ni na san bakinsa. Duk zuwansa sai na ce ya bar sigari, ya ce to, ya kunna wata a matakalata. Haƙoransa kamar an tsamo su daga murhu."

Goggo ta tashi zaune. Sannan ta yaye bargo, ta sauko da ƙafafunta ƙasa, ƙafafun da suka yi kwanaki ba su taka ba.

"Vendula, miƙo mini kwat ɗin coci. Hynek, ta da mota."

Mataki na goma: Amsa tambaya a gaban jama'a

An rufe tagogin zauren da baƙin yadi, fitilun shunayya ko'ina, tebur bayan tebur na kore. Haƙoran mutane da amosanin kafaɗunsu duk suna ƙyalli. Lubor na tsaye gaban kayan, mutane sun kewaye shi, yana bayanin yadda ya yi shekaru yana bin sawun wannan saiti. Goggo ta shiga tana dafe da hannuna. Ta ce wa matar da ke tsaron ƙofa, "'Yata, kunna mana fitilar mutane."

Fitila ta kama. Duk koren ya mutu, aka koma tsofaffin kofuna da tsofaffin maza suna ƙifta ido.

"Lubor, tambaya ɗaya na zo yi. Ni na kashe Alois?"

"Goggo, mu ɗan fita waje..."

"A nan. Ka iya magana gaban mutane, tun daga ƙofa nake jin ka."

Ya dubi 'yan ƙungiya, waɗanda duk sun san amsar. Ya dubi Vendula. Ya dubi kwalbar, kuma na rantse ita ya fi daɗewa yana kallo.

"A'a," ya ce.

"Kunnena ya tsufa."

"A'a, Goggo. Ba ke ba ce. Gilashin ba ya kisa. Ni ne... ina son sa ne kawai."

Na zaci za ta mare shi. Sai ta nemi kujera, mai tsaron ƙofa ta ba ta tata, ta zauna ta rufe fuska da hannu ta yi kuka kamar ƙaramar yarinya, kafaɗunta na rawa. Ba wanda ya motsa. Da ta gama ta share hanci, ta ce, ba da kowa ba, "Ina ta tsayuwa cikin ruwa ina roƙon gafarar mutumin da aka samu sigari a aljihun rigarsa ta asibiti."

Ta tuɓe rigar sanyinta ta ciki, ta naɗe kofunan ɗaya bayan ɗaya, ta zuba a jakar cefane, kwalbar a sama. Lubor ya miƙa hannu, "Goggo, a hankali, murfin..." Vendula ta shiga tsakaninsu.

"Kada ka ƙara ce mata Goggo," in ji ta. "Gobe zan zo in ɗauki magen da kayan sawata. Ka buɗe taga kafin in zo."

Mataki na goma sha ɗaya: Koyi zama da abin da ya rage

Tun a bakin mota Pan Otakar ya sunkuyo ta taga ya sake tayawa. Goggo ta ce masa ta gode da gaskiyar da ya faɗa, ya matsa kada taya ta taka shi.

Da ta warke ta kira mu wata Lahadi. Ta zuba wa kowa, muka sha. Sannan ta wanke kofunan ta raba: ɗaya ga mai kawo wasiƙu, ɗaya ga maƙwabciya mai kaji, biyu ga matan coci, ɗaya ga Vendula, ɗaya gare ni. Ta ce, "Babana ya yi su don a sha, ba don wani ya jira in mutu ba." Murfin ta kai maƙabarta ta tura cikin ƙasa a kan kabarin Kawu, ta dasa fure a kai. Kwalbar tana kan tagar kicin, da ita take ba furanninta ruwa.

Da labari ya kai ƙungiya, aka yi zaman gaggawa aka kori Lubor. Kada ka ɗauka don ya kusa kai tsohuwa kabari ne. Wannan ko a bakin wani bai fito ba. Laifinsa, in ji shugaba, shi ne ta dalilinsa cikakken saitin deko ya watse. An ce Otakar har da hawaye.

Vendula tana gidan Goggo har yanzu. Ta ce tana tunani, kuma ba ta gaggawa. Lubor yana hawa tudun duk Asabar, a lokacin da ake cin kasuwar gwanjo, ya faskara itace ya share akurki. Goggo ba ta hana shi ba, ba ta kuma ce ya shigo ba. Ta taga take miƙo masa shayi.

Gargaɗi

Abin da na yi alkawari na cika: Lubor gwani ne, shoglas ɗinsa cike yake, ba kuma mai gayyatarsa biki. In ka bi hanyar nan matarka ta ɗauki mage ta tafi, ko wata tsohuwa ta tsayar da kai gaban jama'a, ko ka wayi gari kana cin burodi a tsaye cikin duhu, babu ruwana, babu ruwan wanda ya buga wannan, babu ruwan gilashi. Kada ka kira ni, kada ka turo lauya, kada kuma ka zo taya kofina, ba na sayarwa ba ne.

Shi Lubor yakan biyo ta gidana in ya sauko daga tudu, hannunsa duk kanta. Ba na korarsa, mijin ƙanwata ne har sai ta gama tunani. In zuba wa kaina a ɗan koren kofin, shi kuma in zuba masa a tsohuwar kwalbar yajin mastad da na wanke. Makon jiya ya ɗaga ta zai leƙa gindinta, muka haɗa ido, ya fasa, ya shanye.